Abin da safar hannu ta koya mini a ɗakin jinyar tsofaffi

Tun da na ajiye aiki, ya dace in bar wa abokan aikina abin da na fahimta game da safar hannu, domin a kanta ne na fi shan wahala, kuma wahalar ba daga marasa lafiya ta zo ba.

Shugabar sashenmu ta ɗauki ƙaiƙayin hannu a matsayin tsirfa, duk wadda ta kai mata kuka amsa ɗaya take samu: “Ke kaɗai ce mai fata?” Safar da ake sayowa ta lateks ce mai hoda, saboda ta fi araha. Daga ƙaron bishiyar roba ake yin lateks, kuma yana ɗauke da furotin da jikin wasu ba ya karɓa, ta yadda cikin mintuna hannu zai yi borin jini, wata ma har da atishawa da sarƙewar numfashi. Hodar, wadda sitacin masara ce, tana kwasar furotin ɗin ta watsa shi a iska duk lokacin da aka tuɓe safa, sai wadda ba ta sa ba ma ta shaƙa. Da na gaya mata cewa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta safar asibiti mai hoda tun farkon 2017, sai ta ce nan ba Amurka ba ce.

Daga baya an sayo shuɗiyar safa ta naitiril, wato robar da babu lateks a cikinta, shugabar ta sanar cewa magana ta ƙare. Nawa hannun bai warke ba, ƙurajen sukan fito bayan kwana ɗaya ko biyu, bayan yatsu ya tsage har ya riƙa fitar da ruwa, ita kuwa ta samu hujjar cewa da ma gudun wanke marasa lafiya nake yi. Likitan fata ne ya raba gardama da gwajin da ake manna wa mutum sinadarai a gadon baya a duba bayan kwana biyu. Ashe ba lateks ne matsalata ba, sinadaran da ake zubawa don roba ta yi ƙarfi ne, irin su tiyuram da kabamet, waɗanda ake samu har a naitiril. Akwai naitiril da ake yi ba tare da su ba, kuma ana rubutawa a jikin kwali. A ganina, sauya launin safa ba tare da gwaji ba ɓarnar kuɗi ce kawai.

Safar binil, mai kama da leda, ta isa ƙaramin aiki kamar ba da abinci, amma tana saurin yagewa, ba zan taɓa jini da ita ba. A busar da hannu sosai kafin a sa safa, musamman da hunturu. Basilin yana lalata lateks. Wadda ayaba ko piya ke sa wa ƙaiƙayin baki, ta nemi gwaji da wuri, domin mai yiwuwa jikinta ba ya karɓar lateks ma.

Kwalin naitiril marar waɗancan sinadarai da na yi ta nema ya iso kafin in tafi, kuma ƙananan ma'aikatan da suka zo bayana suna amfani da shi. A takardar sallamata dai shugabar ta rubuta cewa ina da yawan ƙorafi.