Shekarar Autanmu ta farko a jami'a

Autanmu yana da otizim, wanda wasu ke ce wa galahanga, ni dai ban son kalmar. Yana ƙarami har ruƙiyya aka kai shi wai aljanu ne, sai da likita ya duba shi aka gane. In lissafi ne ba a kama ƙafarsa, amma ka shigar da shi hayaniyar kasuwar Terminus ta Jos minti goma zai toshe kunne ya fara jijjiga jiki.

Da ya samu admishan a nan Jos ni na zama ɗan rakiya tunda ni ne babba. Sati na biyu aka canza ɗakin lacca, monita ya faɗa da baki ana ta surutu, Auta bai ji ba, ya je tsohon ɗakin ya zauna shi kaɗai awa biyu cikin sanyin nan yana jiran malami, don takardarsa ta ce nan ne ƙarfe 8. Da na tambaye shi sai ya ce "Yaya, ai ba a rubuta an canza ba." Wallahi ranar na ji kunyar kaina, na ɗauka da na biya rajista da kuɗin keke na gama nawa.

Washegari na je wajen malamin da ke kula da ajinsu da zafina, har na haddace dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ashe ma ba sai na ɗaga murya ba, bawan Allah bai san halin da yaron ke ciki ba, ya ɗauka girman kai ne ke hana shi kallon mutum a ido. Abin da muka roƙa kaɗan ne, duk canji a turo masa a rubuce ta WhatsApp, a bar shi ya zauna kusa da ƙofa da abin toshe kunnensa, in aikin rukuni ne kuma a faɗa masa nasa ɓangaren takamaimai, ba "ku je ku shirya" ba.

Inda na kwafsa shi ne na riƙa magana a madadinsa kamar ba ya wurin. Shi ya taka min birki, ya ce in bari ya rubuta wa malaman da kansa, rubutu ya fi masa sauƙi. Yanzu yana aji biyu, ni kuma an sallame ni daga rakiya, sai ranar jarabawa nake kai shi da sassafe kafin wuri ya cika.