Koyar da takobin Turawan dauri a birnin Leeds

Babbar wahalar wannan sana'a ita ce malamanta sun rasu tun ɗaruruwan shekaru. Da bindiga ta samu gindin zama a Turai, faɗa da dogon takobi ya yi ta ja baya har ya ɓace, babu wanda ya karɓe shi hannu da hannu ya kawo mana. Littattafai kawai suka rage. A nan Leeds ta Ingila, inda nake zaune nake kuma koyarwa a wata ƙaramar ƙungiya da yamma, gidan tarihin makamai na Royal Armouries yana ajiye da mafi tsufansu, wanda ake kira I.33. An rubuta shi a ƙasar Jamus wajen shekarar 1300, kuma zanen cikinsa limamin coci ne yake koya wa ɗalibinsa takobi da 'yar ƙaramar garkuwa. Can wajen ƙarshe har da mace mai suna Walpurgis riƙe da takobi, abin da nakan nuna wa 'yan matan ajinmu tun ranar farko.

Ni dogon takobi na hannu biyu nake koyarwa, bisa tafarkin Johannes Liechtenauer, wani Bajamushe na ƙarni na 14. Shi waƙe ya bari, gajerun baitoci masu duhun ma'ana, kuma da gangan ya yi haka don kada kowa da kowa ya gane. Mabiya tafarkinsa, irin su Sigmund Ringeck, su suka zo suka yi sharhi. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san wannan tsari: a haddace baiti, malam ya warware. Mu muna da baitin da sharhin, malam ne babu. Sharhi zai ce ka taka zuwa dama ka sara, amma ba zai faɗa maka faɗin takun ba, ko lokacin da za ka ɗaga ƙafar.

Saboda haka abin da na fara koya a matsayin mai koyarwa shi ne in rarrabe wa ɗalibai tsakanin abin da ke rubuce da abin da ni na fahimta. Nakan ce musu, "Wannan Ringeck ne ya faɗa, wannan kuwa fahimtata ce, ku gwada ku gani." Sau da yawa jikin ɗalibi ne ke raba gardama. Idan fassarar da muka yi wa wani sara tana tilasta wa mutum ya murɗe wuyan hannunsa har ya ji zafi, to da wuya a ce haka mai littafin yake nufi.

Sabon shiga yakan zo da abin da ya gani a fim. Yana zaton takobin zai yi nauyin da sai ƙato, sai ya ɗauka ya ji bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Daga nan sai ya damƙe mariƙin kamar za a ƙwace masa, kafaɗu a ɗage, yana sara da ƙarfin damtse. Kafin a yi nisa ya jiƙe sharkaf da gumi. Ban cika saurin koya masa saran gwaninta guda biyar na Liechtenauer ba, duk da su yake ɗokin gani. Tazara nake fara ba shi, ya san inda tsinin abokin karawarsa zai kai da inda ba zai kai ba.

Sai kuma darasin da na fi ƙauna. Mutum biyu su haɗa takubba, ƙarfe a kan ƙarfe, a hankali, ɗaya ya rufe ido. Na biyun ya danna ko ya sassauta, shi kuma mai rufe da ido ya faɗi abin da hannunsa ya ji. Idan an danna da ƙarfi, ka ba shi hanya ya wuce, ka zagayo ta ɗaya gefen. Idan an yi laushi, ka shige da tsini. Akwai wani dattijo a ajinmu, direban bas, da ya daɗe yana fama da wannan. Ranar da abin ya faɗa masa, ya buɗe ido ya tarar da tsinin takobinsa a ƙirjin abokinsa ba tare da ya yi wani yunƙuri ba. Cire hular raga mai kare fuska ya yi yana kallon tafin hannunsa.

Inda nake da damuwa shi ne gasa. Takubban atisaye ba su da kaifi, tsininsu a lanƙwashe yake, ga hular raga, ga riga mai kauri, ga safar hannu mai tauri domin yatsu ne suka fi karyewa. Wannan kariya dole ce, kuma ba na barin kowa ya kara sai da ita. Amma tana cire tsoro. Sai ka ga samari biyu sun ruga da gudu sun sari juna a ka lokaci ɗaya, kowa yana murna shi ya riga. Da takobi mai kaifi, gawa biyu ke nan. Manyan gasa irin Swordfish ta Gothenburg a Suwidin sun ɗaga darajar wasan ƙwarai, ban musa ba, amma a ajina idan aka yi saran tare, duka biyun sun faɗi, kuma sai sun bayyana min yadda aka yi kowannensu ya bar kansa a buɗe.

Lokaci zuwa lokaci nakan kawo takobi mai kaifi na gaske, a jera gorunan roba cike da ruwa, kowa ya sara ɗaya bayan ɗaya, sauran suna nesa. Wanda kaifinsa ya karkace ko da kaɗan, gorar tsalle za ta yi ta bar shi a tsaye. Wanda ya daidaita, ko ƙarfi bai sa ba, sai ya ga saman gorar ya zame ruwa na kwarara. Bayan irin wannan rana, na lura saran tare yakan ragu sosai a karawar da ke biyo baya.