Asabar da faifan Dark Shadows

Yau Asabar ban fita ba, yinin ya tafi a kan faifan DVD na Dark Shadows, wasan kwaikwayon da tashar ABC ta Amurka ta riƙa nunawa da rana, Litinin zuwa Juma'a, daga Yunin 1966 zuwa Afrilun 1971. Kashi 1,225 aka yi, kowane bai wuce minti 22 ba in an cire talla. Dan Curtis ne ya ƙirƙiro shi, labarin dangin Collins da tsohon gidansu Collinwood a wani ƙagaggen gari na bakin teku a jihar Maine.

Da safe aikin share faifai na yi. Ana gogewa da ƙyalle mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, a miƙe. In aka goge a kewaye, ƙarzar da za ta fito tana bin layin da na'ura ke karantawa, sai hoto ya riƙa tsayawa. Faifan Amurka ne, tsarin hoton talabijin na NTSC, mu kuma tsarin PAL muke amfani da shi, don haka sai na'urar da ke karɓar tsarin biyu. Tsohuwar talabijin da ba ta san NTSC ba takan cinye launin ko ta sa hoton birgima. A sabuwar talabijin kuwa a mayar da allo 4:3, wato fasalin tsohuwar talabijin, in ba haka ba fuskoki su baje, kuma a kashe saitin nan mai santsantar da motsi.

Bayan azahar na zauna da faifai na farko na Collection 1, kwalin farko a jerin faifan. Kamfanin MPI, wanda ya fara fitar da wasan a kaset ɗin VHS kafin DVD, ya shirya shi kusan kashi 40 a kwali, faifai 4. Jerin ya fara ne daga kashi na 210, inda wani mai suna Willie Loomis ya buɗe akwatin gawa yana neman kayan ado masu daraja sai hannu ya fito ya shaƙe shi. Wannan hannun na Barnabas Collins ne, mataccen da ke tashi da dare ya sha jinin mutane, wanda Jonathan Frid ya fito a matsayinsa. Kashin da suka gabata an ware su daban da sunan The Beginning. Duk mai farawa, ni dai shawarata ya fara daga 210. Na farkon suna da kyau, amma tafiyarsu a hankali take, kuma zuwan Barnabas a 1967 ne ya ceto wasan lokacin da masu kallo ke raguwa.

Abin da ke riƙe mutum a wannan wasa yana da nasaba da yadda aka ɗauke shi. A kaset ɗin bidiyo aka naɗa, kusan a zama ɗaya, domin a lokacin yanka kaset da haɗa shi aiki ne mai wuya da tsada. Saboda haka abin da ya faru a ɗakin ɗauka shi ke fita. Za ka ga inuwar makirufo a bango, ƙuda na yawo a fuskar ɗan wasa, dutsen kabari na girgiza don an taɓa shi, Frid ya manta magana ya lalubo ta da ido. Ina ganin nan ne ƙarfinsa yake. Fargabar da ke fuskar ɗan wasan ta gaske ce, kuma ta dace da Barnabas, wanda kullum yake tsoron a tona asirinsa. Ga kiɗan Robert Cobert yana shigowa da nauyi, ga hazo da kyandir. Mai kallo a gida yana iya tsayar da hoto ya koma baya, abin da yaran da ke rugowa daga makaranta don kallonsa a lokacin ba su samu ba.

Sai dai kallon kashi goma a jere yana fito da maimaici. An rubuta shi don wanda ya rasa na jiya, shi ya sa mutanen ciki ke ta sake ba juna labarin abin da ka gani yanzu. Biyu ko uku a zama ya fi daɗi.

Da magariba na duba wasu kashi na gaba, bayan wasan ya koma mai launi a Agustan 1967. Wani lokaci kana cikin launi sai kashi guda ya zo baƙi da fari, dishi-dishi. Ba laifin faifan ba ne, kada a yi ta goga. Kaset ɗin asali ne ya ɓata ko ya lalace, aka maye gurbinsa da kwafin da aka ɗauka da kyamarar fim daga fuskar allo. Kashi na 1219 kuwa hotonsa ya ɓata gaba ɗaya, sautin da wani mai kallo ya naɗa a gida aka ɗora a kan hotuna marasa motsi. Lambobin ma sun kai 1245 duk da kashi 1,225 aka yi, domin in wani shiri ya ture wasan a wata rana akan tsallake lamba.