Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwancin Wake-wake

Makon jiya na tsaya a inda Malam ya dawo gida riƙe da makullin shago, shagon kuwa babu shi. Gobarar kasuwar Terminus da ke Jos ta watan Fabrairun 2002 ta lashe atamfofi da shaddojin da ya yi shekaru yana tarawa. Kafin damina ta faɗi mun saki gidan haya, mun tattara komatsanmu mun koma gidansu na gado a Gangare, ƙofarmu na kallon ƙofar Inna, mahaifiyarsa. Malam ya shiga ɗaki. Sallah ce kawai ke fito da shi.

A wannan zaman ne Gwaggona ta zo jaje daga Toro. Ba ta da abin bayarwa, sai ta zo da sagarar kaza ɗaure da tsumma a ƙafa. Jikinta ɗigo-ɗigo ne, fari da baƙi, shi ya sa Ummi ta raɗa mata Wake-wake. Da ta fara ƙwai, ko ɗaya ba mu bari ya kwana ba, yara ke karyawa da shi. Wata safiya sai na tarar da ita kwance a bayan randa, ta baje fukafukai a kan ƙasa tsura, in ka kai hannu ta kumbura ta sare ka. Kwanci ya zo mata, ga shi mun cinye abin kwanciyar.

Nan wayo ya zo mini. Na ce tunda za ta kwanta, me zai sa ta kwanta a kan ƙananan ƙwai irin nata? Na zari kuɗin adashina na aiki yaro wurin mai sayar wa masu shayi kiret-kiret, ya zaɓo mini manya guda goma sha biyu, jajaye, irin na gidan gona. A raina har na ga manyan kaji sun cika tsakar gida. Inna na zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale lokacin da nake jera su. Ta dube ni, ta dubi ƙwan, ta ci gaba da tsinkarta.

Kwana 21 kaza ke yi ta ƙyanƙyashe, wannan ko yaro ya sani. Muka yi 21, muka yi 25, shiru kake ji. A kwana na 27 ɗaya ya fashe. Wanda bai taɓa jin warin baragurbi ba, Allah kada ya nuna masa. Har Malam sai da ya leƙo ta taga.

“Ke 'yar nan,” in ji Inna, “kazar da ba ta taɓa ganin zakara ba, ɗa kike so ƙwanta ya ba ki?”

Ashe kajin gidan gona mata ne zalla, a killace. Kaza za ta yi ta zuba ƙwai ko da zakara ko babu, amma ƙwan da zakara bai taka uwarsa ba na kasko ne kawai. Na sunkuyar da kai na ce, “Inna, ai da kin faɗa mini.” Ta ce, “Kin tambaye ni?” Na daɗe ina jin zafin wannan amsar. Yau da nake da surukai biyu, na kama kaina ina ba da irinta.

Wake-wake ta tashi daga wannan kwanci kamar tsinke. Sai wajen watan Disamba ta murmure, ta yi wani zubin, ta sake kwanciya. A wannan karon na ajiye wayo na tambaya.

Akwai wata dattijuwa Birom da ke kawo wa Inna acca da dankalin turawa daga wajen Vom, muna ce mata Ngo. Bayan rikicin Satumbar 2001 mutane da yawa sun daina tsallaka unguwar juna, amma Ngo ba ta fasa shigowa Gangare da kwandonta ba, Inna kuma ba ta fasa ajiye mata kunun tsamiya ba. Ita ta kawo mini ƙwai goma sha biyu a ƙwarya, binne cikin ƙaiƙayin acca, tsinin kowanne na kallon ƙasa. Ta ce kajinta zakaru biyu ke bin su, kuma babu ƙwan da ya wuce mako guda, don in ya tsufa ɗan ciki ba ya tashi. Na ɗauko ruwa zan wanke kashin da ke jikin wasu, ta riƙe mini hannu.

“A'a, amarya. Akwai rigar da Allah Ya sa masa, ido ba ya gani. Kika wanke, kin buɗe wa cuta ƙofa.”

Inna ta cire biyu ta ce a soya wa yara. Kazar ƙarama ce, goma kawai za ta iya rufewa, wanda ya leƙo waje sanyi zai kashe shi. Ta sa aka ɗauko fasasshiyar tukunya, ta zuba toka a ƙasa saboda ƙwarƙwatar kaji, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ta ja wa kowane ƙwai layi da gawayi. Sai bayan isha muka zura mata su, lokacin da ba ta da ƙarfin gardama.

Wanda bai yi hunturu a Jos ba zai ɗauka ƙari nake yi. Garin a kan tudu yake, sama da mita 1,200, ruwan randa da asuba sai ya ƙage maka yatsu. Kullum da hantsi Wake-wake za ta sauka, ta yi kashi, ta ci tsaki, ta yi birgima a toka, ni kuwa ina tsaye a kan tukunya zuciyata na dukan uku-uku, har na fara rufa wa ƙwan ɗankwalina. Inna ta ce in bar ta, ta fi ni sanin lokacinta. Kafin shayi ya huce kuwa ta dawo, ta sa baki tana mirgina su ɗaya-ɗaya, layin gawayin da ke sama ya koma ƙasa, na gefe ya dawo tsakiya.

A dare na tara na yi abin da Ngo ta koya mini. Na ɗauki tocilan ɗin Malam, muka shige cikin bargo ni da Ummi, na dunƙule hannu a bakin tocilan na ɗora ƙwai a kai. Ƙwan ya kama ja kamar garwashi. A ciki ga jijiyoyi sirara sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, a tsakiya ga wani baƙin ɗigo. Muna kallo ɗigon ya motsa. Ummi ta ƙwala ihu har na kusa sakin ƙwan. Takwas muka samu haka. Biyu fes suke, haske na ratsa su babu komai, muka fitar da su tun kafin su yi mana irin ta wancan karon.

Daren kwana na 20 na kara kunne a jikin tukunya na ji kuka siriri daga cikin ɓawo, uwar na amsawa ƙasa-ƙasa. Washegari kafin azahar biyar sun fito, sun bushe, suna leƙe ta cikin fukafukanta. Saura uku. Biyu sun huda ɓawo, ɗan baki na motsi a ramin, amma har la'asar ba su ƙara komai ba.

A nan ne na yi abin da har yau nake gani in na rufe ido. Inna ta tafi gaisuwar mutuwa. Na ɗauki ɗaya na ce bari in taimaka masa. Na sa farce na ɓanɓare ɓawon kaɗan-kaɗan, na zo kan farar fatar ciki na ja. Sai jini. Ɗan tsakon ya zubo a tafin hannuna jiƙe sharkaf, ga ƙwanduwa rataye a cibiyarsa ba ta gama shiga ciki ba. Ya buɗe baki sau uku. Shi ke nan.

Daga baya na fahimci cewa shirun da yake yi bayan ya huda ɓawo ba gajiya ba ce. Yana iya kai yini da kwana a haka, yana koyon numfashi, yana janye jinin da ke cikin jijiyoyin nan da muka gani da tocilan, yana kuma shigar da ƙwanduwar da za ta riƙe shi kwana biyu zuwa uku ko bai ci komai ba. Na binne shi a gindin gwanda kafin Inna ta dawo. Ta ƙirga ɓawo, ta dubi farcena, ba ta ce uffan ba. Ɗan'uwansa da ban taɓa ba ya fito da kansa da asuba. Na ƙarshe ya mutu a ciki.

Shida ke nan. Na riƙa ba su ɓarzajjen gero da tsakin acca, ruwa kuma a murfin kwano da tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe, don ɗan tsakon da ya jiƙe a sanyin Jos ba ya kai gobe. Ranar da suka cika kwana goma shirwa ta sauko tsakar gida ta sure ɗaya a kan idon kowa, uwar ta bi ta da tsalle har kan katanga. Maƙwabciyata ta ce in shafa musu galura ja, wai shirwa ba ta gane su. Na shafa, suka koma kamar alawar yara.

Da yammacin ranar sai na ji ƙarar guduma. Malam ne, tsugune a bakin ƙofa da guntayen katako da tsohuwar wayar taga, fensir a bayan kunne. Wata goma sha ɗaya rabon da in ga ya riƙe wani abu da ba carbi ba. Bai dube ni ba ya ce, “Miƙo mini ƙusar nan. Kajin naki nawa suka rage?” Na ce biyar. Ya ce, “To a yi mai ɗaukar ashirin.”

Ana saura kwanaki Babbar Sallah Ngo ta zo, ta ga akurkin ta yaba, sannan ta ce mini kaji na ta zubewa a wajensu, ciwon nan na hunturu mai murɗe wuya. Ta ce cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin rigakafinsa, ɗigo ɗaya ne a ido, in ina so mu haɗa kuɗi da maƙwabta ta taho mana da shi. Na lissafa ɗinkin yara, na ce a bari sai bayan Sallah.

Ranar jajibere ƙanin Malam ya shigo da wani ƙaton zakara da ya sayo a kasuwa, ya ce ya samu araha. Ya kwance masa ƙafa ya sake shi a tsakar gida. Zakaran bai yi cara ba, bai bi Wake-wake ba. Ya ja fukafukai ya je ya tsoma baki a murfin ruwan 'yan tsakina.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.