Sassaƙar Dabbobin Nimrud a Jikin Kujerun da Muke Haɗawa

Ƙaramin shagon kafinta nake da shi, kuma abin da ya bambanta aikinmu da na sauran kafintoci shi ne adon ƙashi da muke dasawa a jikin kujeru da gadaje, wanda muke kwaikwayonsa daga sassaƙar hauren giwa da aka tono a Nimrud, tsohon birnin Assuriyawa da ke bakin kogin Dijla, kudu da Mosul a ƙasar Iraƙi.

Sarki Ashurnasirpal na Biyu, wanda ya yi mulki daga shekarar 883 zuwa 859 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne ya mayar da birnin hedkwatar daularsa. Akasarin hauren da aka samu a can masassaƙan Finiƙiya (yankin Lebanon ta yau) da arewacin Siriya ne suka yi shi, ya shigo fada a matsayin haraji ko ganimar yaƙi. Da daular ta faɗi a wajajen shekarar 612 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wuta ta cinye katakon, ta bar hauren ya yi baƙi, wani kuma aka jefa shi cikin rijiyoyi, inda ya zauna har masu tonon kayan tarihi irin su Max Mallowan suka fito da shi bayan shekarar 1949.

Mai kallo yakan tsaya ne a kan fuskar sassaƙar: saniya ta waiwayo tana lasar ɗan maraƙinta yana shan nono, ko barewa ta sunkuya tana kiwo, ko zakanyar nan da ta danne wani saurayi a cikin furanni, wadda aka ƙawata da zinariya da duwatsu masu launi. Ni kuwa bayan sassaƙar ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a nan ake gane cewa kayan kafinta ne. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan harshe a sama ko a ƙasa wanda yake shiga ramin da aka fafe a jikin katako, wasu kuma an karce musu harufa don mai haɗawa ya san mazaunin kowanne. Wannan dabarar muka ɗauka, saboda katako yana motsi da sauyin yanayi, idan hunturu ya busa ya tsuke, gam kaɗai ba ya riƙe ƙashi na tsawon shekaru.

Ba ma taɓa hauren giwa, kuma tun shekarar 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙashin ƙafar shanu da na raƙumi muke sayowa a mahauta, mu dafa shi har maiƙon ya fita, mu shanya shi a inuwa, sannan mu yanka shi da zarto. Ƙashi bai kai haure faɗi ba, don haka saniya da maraƙinta sai an haɗa su da ɓangarori, a ɓoye mahaɗin a inda ƙafa ta ratsa. Wannan matakin ne yake cin lokaci, kuma shi ne na ƙarshe da nake sakar wa yaran shago.

Wasu masu saye ba sa son siffar mai rai a ɗakinsu, kuma ina girmama wannan. A gare su muke sassaƙa furen bado da ganyen dabino, waɗanda su ma suna cikin adon Nimrud, mu jera su a kan allon gado ko a hannun kujera da irin wancan harshen da ramin.