Daga Frankfurt zuwa Dutsen Grossglockner a Golf GTI ta Haya

Motar da na yi wannan tafiya zuwa dutsen Grossglockner na Ostiriya da ita Volkswagen Golf GTI ce ta takwas a jerin gidansu: inji lita 2 mai turbo, ƙarfin doki 245, giyar DSG (mai sauya kanta) mai hawa bakwai. Hayar dogon lokaci ce irin wadda aka saba a Jamus, wata 36, kilomita 15,000 a shekara, da cikakkiyar inshora, kuma ba a yin sabis sai a garejin da kamfanin haya ya yarda da shi. Shi ya sa kafin na saka jaka a but sai da na duba mita. Zuwa da dawowa zai ci kusan kilomita 1,400, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na rabon shekara. Yawancin yarjejeniyoyi suna yafe rarar kilomita 2,500 a ƙarshe. Abin da ya haura haka, kowane kilomita da farashinsa a rubuce, kuma ya fi abin da za a mayar maka idan ka yi ƙasa da rabon.

Na bi babbar hanyar A3 ta Würzburg zuwa Nuremberg, na hau A9 zuwa Munich. A nan ake gane ƙishirwar motar. A gudun 130, wanda hukuma ke ba da shawara a kai, tana shan wajen lita 7 a kilomita 100. Da hanya ta buɗe na kai ta kusa da 200, shan ya haura lita 11. Tankin lita 50 ne, don haka mai son gudu zai yawaita tsayawa, kuma man da ake sayarwa a bakin babbar hanya ya fi na cikin gari tsada nesa ba kusa ba.

Amma ba mai ne ya fi damuna a A9 ba, tsakuwa ce. GTI tana da ƙasa, hancinta kuma faffaɗa. Idan ka liƙe wa babbar mota ko ka bi ta inda ake gyaran hanya, tsakuwa ta dinga feshin bonet da gilashin gaba ke nan. Ranar mayar da mota akwai mai bincike da zai zagaya ta da takarda a hannu, yana raba tsufan yau da kullum da ɓarna. 'Yan ɗigo kaɗan a fenti ana lissafa su a tsufa, amma wanda ya huda har ƙarfe ya fara tsatsa, kai za ka biya. Tsagewar gilashi kuwa a kai ta gyara tun tana ƙarama, domin sanyi da ɗumin hita suna ja mata tsawo. Na bar tazara mai yawa, na haƙura da wanda ya shige gabana.

Kafin iyakar Salzburg na sayi vignette ta kwana 10, kuɗin bin manyan hanyoyin Ostiriya. Daga A10 na sauka a Bischofshofen, na bi kwari har garin Bruck, inda hawan yake farawa.

Hanyar Grossglockner an buɗe ta a 1935. Tsawonta kilomita 48, tana da kwanoni 36 masu kaifi, tana kaiwa mita 2,504 a Hochtor, inda take ratsa cikin dutse, tana da kuɗin shiga nata daban, kuma dusar ƙanƙara na rufe ta daga wajen Nuwamba zuwa Mayu. Don irin wannan hanya aka ƙera motar. Tana fita daga kwana tana jan kanta ba tare da tayar ciki ta yi ta juyi a banza ba, sitiyarin kuma yana bin hannu. Sai dai ƙarfin duka a tayoyin gaba yake sauka, su ne kuma ke juyawa, su ke ɗaukar nauyin birki. A wurin hutawa na Fuscher Törl na tsuguna na shafa kafaɗar tayar gaba ta dama: da zafi, robar ta yi gurzo-gurzo. Na gaba suna cinyewa tun na baya suna da sauran rai, don haka a lokacin sauya tayoyin sanyi da na bazara nake sa a musanya gaba da baya. Doka ta tsaya a zurfin milimita 1.6, amma kamfanonin haya sukan nemi fiye da haka, sai a duba takardar.

Gangarowa ƙauyen Heiligenblut ita ce jarrabawar birki. Wanda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama, faifan zai yi zafi, man birki ya tafasa, feda ta yi laushi. Na mayar da giya hannu, na riƙe ta a biyu ko uku, inji yana riƙe motar, ina taka birki da ƙarfi kafin kwana in saki. Da na isa ƙasa ban kashe inji nan take ba, na ɗan zagaya a hankali har turbo da birki suka huce.

Abu ɗaya da zan ja hankalin mai shirin ɗaukar irin wannan haya: ya yi tunani kafin ya zaɓi wili mai inci 19. Yana da kyau a ido, amma robar 235/35 siririya ce, ba ta kare bakin wili daga dakalin titi, kuma wuraren ajiye mota a ƙauyukan nan matsattsu ne. Gurzuwar wili na cikin abubuwan da aka fi caja a ranar mayarwa. Nawa inci 18 ne, sun fi laushi a kan faci, tayarsu ta fi araha.

Da na dawo Frankfurt na wanke ta, na ɗauki hoton bonet da wili huɗu da mita, na haɗa da takardun sabis. Binciken lafiyar mota na farko a Jamus yana zuwa ne bayan wata 36, daidai da ƙarewar hayar, kuma a yarjejeniyata ni zan kai ta kafin in miƙa makulli.