Abin da shekarar farko ta digirin digirgir ta koya mini a ɗakin maikiroskof

Yawancin matasan da suke barin ƙasashensu domin yin digirin digirgir a fannin maikiroskof, wato na'urar ganin abubuwan da ido ba ya iya gani saboda ƙanƙanta, na'urori ne suke jan su, irin waɗanda a da sai dai su ga hotunansu a mujallun kimiyya. A cibiyar da na samu gurbi a Turai, manyan na'urorin duk an tattara su a sashe guda, kuma ba a barin ɗalibi ya taɓa ko ɗaya sai ma'aikatan sashen sun horar da shi sun gamsu, sannan ya riƙa kama lokacinsa ta intanet kamar kowa. Waɗannan ma'aikata, waɗanda ba kasafai sunayensu suke fitowa a saman takardun bincike ba, su ne suka san halin kowace na'ura, kuma abin da na koya a wurinsu a watannin farko ya fi abin da na samu a laccoci.

Darasin da suka fara dasa mini shi ne cewa ƙara girman abu daban, bayyana shi daban. Tun a shekarar 1873 Ernst Abbe, wanda ya yi aiki da maƙerin maikiroskof Carl Zeiss a garin Jena na ƙasar Jamus, ya nuna cewa haske yana da iyaka: idan tazarar da ke tsakanin abubuwa biyu ta gaza kimanin nanomita 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), maikiroskof na haske zai haɗe su ya nuna su a matsayin ɗigo guda, komai girman da aka ba hoton. Ko wannan iyakar ma ba a kai mata sai an kiyaye ƙananan abubuwa, domin an ƙera yawancin gilasan na'urar ne bisa cewa kaurin gilashin da ake rufe samfur da shi milimita 0.17 ne, kuma ɗan kumfa a cikin man da ake ɗiga wa gilashin ya isa ya ɓata aikin yini guda. Gaskiya ne Eric Betzig da Stefan Hell da William Moerner sun samu kyautar Nobel a 2014 saboda hanyoyin da suka ƙetare iyakar Abbe, amma kowace daga cikin hanyoyin tana da abin da take ci.

Abin da take ci kuwa yawanci haske ne, kuma a nan na fi daɗewa kafin in gane zurfin lamarin. Muna sa wa furotin ɗin da muke nema alama mai ƙyalli, kamar GFP, wani furotin mai ƙyallin kore da aka samo daga wata halittar teku, sannan mu haska shi da leza domin ya mayar da hasken da kyamara za ta kama. Sai dai duk lokacin da aka haska, wani ɓangare na alamar yana dusashewa har abada, ita kuma ƙwayar halittar da ake kallo tana jigata, har ta kai ga daina rabuwa ko ta mutu. Saboda haka mai bincike yana da abubuwa huɗu da yake so, wato tsabtar hoto da saurin ɗauka da zurfin gani da lafiyar samfur, kuma duk wanda ya ƙara sai ya rage wani. A ganina, mutum bai fara zama masani a wannan fanni ba sai ranar da zai iya zaɓar hoto mai ɗan hazo da gangan, saboda ya san ƙwayar da ke cikinsa tana rayuwa yadda ta saba.

Shirya samfur ma haka yake. Sinadarin fomaldihaid da ake daskarar da ƙwayoyin halitta da shi yana iya sauya fasalin abin da ake son gani, don haka ba kowane tsari da ya bayyana a hoto yake nan tun asali ba. Wannan matsala ce ta sa aikin Jacques Dubochet ya yi tasiri, domin ya samo hanyar sanyaya samfur cikin gaggawa ta yadda ruwan ba zai yi ƙanƙara mai tsaga ba, kuma yana cikin mutum ukun da suka samu Nobel a 2017.

Jarrabawa mafi girma tana zuwa bayan an kashe na'ura. A cikin ɗaruruwan ƙwayoyi, ido yakan tafi kai tsaye ga wadda ta yi daidai da hasashen mai bincike, alhali shi bai yi niyyar ha'inci ba. Shi ya sa a rukuninmu ake ɓoye sunayen fayiloli kafin a fara awo a Fiji, manhajar nazarin hotuna, ana ɗaukar samfurin kwatance da saiti ɗaya da na gwaji, kuma ba a taɓa ainihin fayil ɗin da ya fito daga na'ura. Hoto mai kyau ana ajiye shi domin bango da taro, amma ƙidaya ce take shiga kundin digiri.

Baƙunta kuma tana da nata tasirin a kan aikin. Sabon zuwa yakan yi shiru a taron mako-mako, ko don girmama malaminsa ko don tsoron kada harshensa ya gaza, su kuwa abokan aiki suna ɗaukar shirun a matsayin amincewa ko rashin ra'ayi. Malamin da ke duba aikina ya fi sakin fuska a ranar da na ce masa sakamakon da ya burge shi yana iya zama illar leza ce kawai, kuma daga wannan muhawara muka sake tsara gwajin da ƙarancin haske da tazara mai tsawo tsakanin hotuna, wanda shi ne yanzu ya zama babi na biyu na kundina.